Tsarin Waldorf a Matakin Firamare: Nazarin Yadda Ra'in Matakan Girman Yaro ke Juya Manhaja da Jadawali

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda makarantun Waldorf ke tafiyar da karatu daga aji 1 zuwa aji 8, wato tsakanin shekara 7 da 14 na rayuwar yaro. An bi diddigin ra'in matakan girma da aka ɗora tsarin a kai, an fayyace yadda ra'in ya zama jadawali da manhaja da salon auna fahimta, sannan aka gwada waɗannan da sakamakon binciken da aka yi a wajen mazahabar Waldorf. Matsayar maƙalar ita ce, ƙarfin tsarin yana cikin yadda ya sarrafa lokaci da dangantakar malami da ɗalibi, kuma ana iya auna waɗannan ba tare da an karɓi bayanin ruhaniyar da wanda ya kafa tsarin ya bayar ba.

1.0 Gabatarwa

A ranar 7 ga Satumba, 1919, aka yi bikin buɗe wata makaranta a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus domin 'ya'yan ma'aikatan kamfanin taba sigari na Waldorf-Astoria. Shugaban kamfanin, Emil Molt, shi ya ɗauki nauyin kuɗi, Rudolf Steiner (1861–1925), masanin falsafa ɗan Ostiriya, shi ya shimfiɗa tsarin koyarwar. An fara da ɗalibai kimanin 250 da malamai 12, maza da mata a aji ɗaya, ɗan lebura da ɗan mai hali a benci ɗaya, a zamanin da makarantun Jamus ke raba yara tun suna ƙanana bisa matsayin iyayensu. Gwamnatin Nazi ta rufe makarantar a 1938, ta kuma rufe ta ƙarshe a Jamus, ta Dresden, a 1941. Bayan yaƙi aka sake buɗewa. A yau akwai irin waɗannan makarantu fiye da 1,000 a ƙasashe sama da 60, kimanin 250 daga cikinsu a Jamus.

Manufar wannan takarda ita ce ta amsa tambayoyi biyu. Ta farko, yaya tsarin ke gudana a aikace a matakin firamare? Ta biyu, wane ɓangare nasa ne bincike ya ƙarfafa, wane ne kuma ya tsaya a kan aƙida kawai?

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Rubuce-rubucen da aka yi a kan wannan tsari sun kasu gida uku. Kashi na farko na 'yan gida ne. Tushensa maƙalar Steiner ta 1907 a kan tarbiyyar yaro, da laccocin da ya yi wa malaman farko tsakanin 21 ga Agusta da 5 ga Satumba, 1919. Steiner bai bar rubutacciyar manhaja ba. Caroline von Heydebrand, ɗaya daga cikin malaman farko, ita ta tattara ta a 1925 daga umarce-umarcensa da abin da ake yi a aji. Waɗannan ayyuka sun wadata da bayanin aiki, sai dai suna ɗaukar ra'in Steiner a matsayin abin da ba a tuhuma.

Kashi na biyu na masu suka ne. Klaus Prange, a littafinsa na 1985, ya tafi a kan cewa makarantar tana cusa Antroposofi, wato aƙidar ruhaniya ta Steiner, ta bayan gida, ta hanyar zaɓen darussa da jerinsu, ko da ba a ambaci sunan aƙidar a aji ba. Heiner Ullrich na Jami'ar Mainz ya fi shi sassauci: a ganinsa aikin makarantun yana da amfani a fili, amma ra'in da ke ƙarƙashinsa bai cika sharuɗɗan kimiyya ba.

Kashi na uku na masu awo ne, kamar rahoton Woods da Ashley da Woods na 2005 ga ma'aikatar ilimi ta Ingila, da binciken Barz da Randoll na 2007 a kan tsofaffin ɗaliban Waldorf a Jamus da Suwizalan. Giɓin da ke akwai shi ne, kashi na farko da na biyu suna jayayya a kan aƙida, na uku yana auna makarantar ɗungurungum, kaɗan ne suka warware tsarin zare-zare suka tambayi abin da kowane zare ke yi.

3.0 Hanyar Nazari

An yi amfani da hanyar nazarin rubutattun bayanai. An rarrabe manyan ayyukan makarantar, aka duba hujjar da 'yan mazahabar ke bayarwa ga kowane, sannan aka nemi abin da bincike mai zaman kansa ya gano a kan wannan aikin, ko a makarantun Waldorf ne ko a makarantun gwamnati. An taƙaita nazarin ga fasalin Jamus, domin shi ne asali. An ƙirƙiri kalmomin fannu biyu: “malamin rakiya” ga malamin da ke bin aji ɗaya shekara da shekaru, da “tsarin dami” ga koyar da darasi guda kullum na tsawon makonni kafin a ajiye shi.

4.0 Nazari

4.1 Ra'in bakwai-bakwai

Steiner ya raba ƙuruciya zuwa matakai uku masu shekara 7 kowanne. Daga haihuwa zuwa famfara, yaro yana koyo ta kwaikwayo. Daga famfara zuwa balaga yana koyo ta siffantawa da shauƙi, yana kuma neman babba da zai yarda da shi. Daga balaga zuwa shekara 21 ne hankalin yanke hukunci ke nuna. Duk abin da ake yi a firamare ya rataya a kan siffar mataki na biyu: kada a ba yaro ƙa'ida tsurarta, a ba shi hoto da labari da aikin hannu, ƙa'idar ta biyo baya.

Wajibi ne a faɗi tushen wannan rabo kamar yadda mai shi ya faɗa. Steiner ya yi imani cewa mutum yana da sassa huɗu: gangar jiki, da jikin rai, da jikin shauƙi, da kuma “ni”, kuma kowane sashe yana samun 'yancinsa a ƙarshen shekara bakwai-bakwai. Ya kuma yi imani da sake dawowar rai duniya bayan mutuwa. Bai samo waɗannan daga gwaji ko lura da ɗimbin yara ba, ya ce ta hanyar binciken ruhi ya gano su. Wannan ya bambanta shi da Jean Piaget, wanda shi ma ya ga sauyi a tunanin yaro wajen shekara 7 da kuma wajen 11 zuwa 12, amma ya kafa hujja da gwaje-gwajen da wani zai iya maimaitawa ko ya rushe. Dacewar lokutan ba ta tabbatar da bayanin ba. Al'ummu da yawa sun lura da sauyin shekara bakwai; a shari'ar Musulunci ma a wannan shekara ake fara umartar yaro da salla. Haka nan, daga cikin alamomin jiki da ake dubawa kafin a karɓi yaro a aji 1 na Waldorf akwai famfara da iya ɗora hannu bisa kai a taɓo kunnen ɗaya gefen, awon da tsofaffin hedimastoci a Nijeriya suka daɗe suna yi a inda babu takardar haihuwa.

Daga tsohon ilimin likitancin Girka kuma Steiner ya ɗauko ɗabi'u huɗu, waɗanda malaman ɗibbu suka sani ta littattafan Larabci da sunayen jini da balgamu da safara'u da sauda'u. Ana shawartar malami ya zaunar da yara masu ɗabi'a iri ɗaya wuri ɗaya. Ilimin halayyar ɗan'adam na zamani ya daɗe da barin wannan rabo, kuma haɗarinsa a bayyane yake: laƙabin da aka maƙala wa yaro a aji 1 yana iya bin sa har aji 8.

4.2 Malamin rakiya

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin. Malami ɗaya ne ke karɓar yara a aji 1, ya raka su har aji 8, yana koyar da lissafi da harshe da tarihi da kimiyya. Kowace safiya yana tsayawa a bakin ƙofa ya yi musafaha da kowane yaro. Yana ziyartar gidajen iyaye. Malaman fanni suna shigowa ne kawai domin harsunan waje da kiɗa da aikin hannu da motsa jiki. A fasalin asali babu hedimasta. Majalisar malamai ce ke zama mako-mako tana tafiyar da makaranta, kuma a zaman akan ɗauki yaro guda a tattauna lamarinsa ciki da waje.

A nan bincike na waje ya ba da goyon baya, amma da iyaka. Hill da Jones, a nazarinsu na 2018 a kan makarantun gwamnati na jihar North Carolina ta Amurka, sun gano cewa ɗalibin da ya sake haɗuwa da malaminsa a shekara ta biyu yana samun ƙarin maki kaɗan a jarrabawa, kuma ribar ta fi yawa ga yaran tsirarun jinsuna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: makonnin da sabon malami ke ɓatawa yana lalube, wanda ya san ajin ya riga ya wuce su. Amma shekara biyu aka auna, ba takwas ba. Binciken Helsper da Ullrich da abokan aikinsu na 2007 a cikin makarantun Waldorf kansu ya nuna fuska biyu: ga wasu yara malamin rakiya ya zama madogara, musamman waɗanda gida bai yi musu daɗi ba, ga wasu kuma kusancin ya zama takura yayin da suka doshi balaga.

Akwai matsaloli guda biyu da tsarin bai warware ba. Idan jinin malami da na yaro bai haɗu ba, babu sabuwar shekara da za ta raba su. Sannan da wuya a sami mutum ɗaya da ya iya koyar da baƙi da wasali ga ɗan shekara 7, ya kuma iya aljabara da kimiyyar sinadarai ga ɗan shekara 14 da ƙwarewa iri ɗaya. Inda babu shugaba guda mai alhakin sa ido, raunin malami yana iya daɗewa ba a gano ba. Hukumar duba makarantu ta Ingila, Ofsted, ta tayar da irin wannan batu tsakanin 2018 da 2019, lokacin da ta sanya makarantun Steiner da dama a matakin gazawa saboda raunin shugabanci da kariyar yara, ciki har da uku da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a lokacin, a Bristol da Exeter da Frome.

4.3 Babban darasi da tsarin dami

Ranar makaranta tana farawa da babban darasi na kimanin awa biyu. Darasi ɗaya ake yi a wannan lokaci kullum na tsawon mako uku zuwa huɗu, sannan a ajiye shi a ɗauki wani. Ajin da ke damin lissafi a wannan wata ba zai sake samun sabon damin lissafi ba sai bayan makonni. Babban darasin yana da sassa: a fara da tsayuwa da tafi da rera baiti da haddar jadawalin ninkawa tare da taka ƙafa, a tuno abin da aka ji jiya daga bakin yara, a gabatar da sabon abu, a yi aikin rubutu da zane, a rufe da labari. Abin da aka gabatar yau ba a fitar da ƙa'idarsa sai gobe, bayan yaro ya kwana da shi.

A ƙananan azuzuwa babu littafin karatu na bugawa. Kowane yaro yana rubuta nasa littafin ga kowane dami, da zane da launi, daga abin da malami ya faɗa ko ya zana a allo.

Hujjar 'yan mazahaba ita ce zurfafawa ta fi tsallake-tsallake tsakanin darussa bakwai a yini, kuma mantuwa wani ɓangare ne na koyo. Rabin wannan magana yana da goyon baya. Tuno darasi daga ƙwaƙwalwa washegari ya dace da abin da aka tabbatar a kan amfanin tunowa da rawar barci wajen kafa abin da aka koya. Ɗaya rabin yana karo da wani sakamako da aka sani tun gwaje-gwajen Hermann Ebbinghaus na 1885: maimaici da aka warwatsa cikin lokaci ya fi wanda aka cunkusa. Tarihin Rumawa zai jure a ajiye shi wata uku. Lissafin rabawa mai tsawo kuwa ba zai jure ba. Makarantun sun gane haka a aikace, shi ya sa ba a sa harsunan waje cikin dami ba, kuma aka ƙara darussan atisaye na mako-mako a lissafi da rubutu.

4.4 Jerin manhaja

An jera manhajar ne domin ta yi daidai da abin da ake ganin yaro yana ciki a kowace shekara. Aji 1 na tatsuniyoyi ne, aji 2 na labaran dabbobi da na waliyyai. A aji 3, lokacin da ake cewa yaro ɗan shekara 9 ya fara jin kansa a ware daga duniya, ana ba shi labaran Tsohon Alkawari tare da noma da gini da awo. Yara kan shuka hatsi, su girbe, su niƙa, su gasa burodi. Aji 4 na almaran Arewacin Turai ne da lissafin ɓangarori da labarin ƙasa na unguwa. Aji 5 yana bi ta tsohuwar Indiya da Farisa da Masar zuwa Girka, aji 6 Rum da duwatsu da kimiyyar sauti da haske, aji 7 zamanin farfaɗowar Turai da kimiyyar ƙonewa, aji 8 juyin juya hali da zamanin masana'antu, tare da wasan kwaikwayo na aji duka. Harsunan waje biyu ake farawa tun aji 1, da baki kawai. Maza da mata duk suna koyon saƙa da busa sarewa, suna kuma yin yuritimi, salon motsa jiki da Steiner ya ƙirƙira daga 1912 domin bayyana sautin magana da kiɗa.

Salon gabatarwa ya fi jerin muhimmanci. Rubutu yana gabatar karatu, hoto yana gabatar harafi: Steiner ya ba da misalin zana kifi, wanda sunansa a Jamusanci ke farawa da F, a rage zanen sannu a hankali har harafin ya fito. A lissafi daga dunƙule ake zuwa ga sassa. Ba a tambayar nawa ne 5 da 7. A zube tsakuwa 12 a ce yara su nemo hanyoyin raba ta. A kimiyya, bisa tafarkin Goethe wanda Steiner ya yi shekaru yana tace rubuce-rubucensa na kimiyya, ana yin gwaji a gaban yara, su siffanta abin da suka gani daki-daki, bayani ya zo washegari.

Jerin kansa yana ɗauke da tsohon ra'in ƙarni na 19 cewa yaro yana maimaita matakan da wayewar ɗan'adam ta bi, kuma wayewar da aka zana tana tafiya ne daga Gabas ta ƙare a Turai. Afirka kudu da Sahara ba ta da gurbi a cikin wannan tafiya. Wannan yana da alaƙa da wasu kalaman Steiner na fifita jinsi, waɗanda ƙungiyar makarantun Waldorf ta Jamus ta mayar wa martani da Sanarwar Stuttgart ta 2007 mai yin tir da wariyar launin fata. Sanarwa ba ta sauya manhaja da kanta. Wannan aiki ne da makarantu ke yi ɗaya bayan ɗaya, wasu da gaske, wasu sama-sama.

4.5 Jinkirin karatu da rashin maki

Ba a fara koyar da karatu sai wajen shekara 7, kuma ba a gaggawa. Suggate da Schaughency da Reese, a bincikensu na 2013 a Niyu Zilan, sun kwatanta yaran da suka fara karatu a shekara 5 da na Steiner da suka fara a 7, suka tarar tazarar ta ɓace wajen shekara 11. Cunningham da Carroll a Ingila, a 2011, ba su ga bambanci a karatu ba, amma yaran makarantun gama-gari sun fi iya harhaɗa haruffa a rubutu duk da ƙarancin shekarunsu, abin da suka danganta da koyar da sautin haruffa bi da bi. Ma'anar wannan ita ce jinkirin ba ya cutar da yaro matsakaici da ke cikin gida mai littattafai da hira. Binciken bai nuna haka ga yaron da ke da matsalar karatu ta asali ba, wanda jiran “lokacinsa” ke iya jinkirta gano shi.

Babu maki kuma babu maimaita aji. A ƙarshen shekara malami yana rubuta dogon rahoto a kan kowane yaro, ya haɗa masa da baiti na musamman da zai riƙa karantawa a gaban aji a shekara mai zuwa. Gwajin Ruth Butler na 1988 ya nuna cewa sharhi kaɗai ya fi maki, ya ma fi maki haɗe da sharhi, wajen riƙe sha'awar ɗalibi da inganta aikinsa. Tarin binciken da John Hattie ya haɗa a 2009 ya sanya maimaita aji cikin matakan da ke mayar da ɗalibi baya. Sai dai rahoton da babu ma'auni na waje a cikinsa ra'ayin mutum ɗaya ne, kuma mutumin shi ne ya koyar.

4.6 Matsalar awo da batun ɗauka zuwa wani wuri

Nazarin Salchegger da abokan aikinsa na 2021 a kan bayanan jarrabawar PISA ta Ostiriya ya gano cewa ɗaliban Waldorf sun fi takwarorinsu jin daɗin kimiyya da sha'awarta, amma makinsu bai kai yadda matsayin iyayensu ke sa a yi tsammani ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne cikas ga kusan duk binciken da ke yabon tsarin. Ko da yake sashe na 7 na kundin tsarin mulkin Jamus ya hana makarantu masu zaman kansu ware yara bisa dukiyar iyaye, iyalan da ke zaɓen Waldorf galibi masu ilimi mai zurfi ne. Makarantar da aka gina wa 'ya'yan leburori ta koma ta 'ya'yan masu digiri, don haka da wuya a rabe aikin makaranta da aikin gida.

Inda aka fi samun haske shi ne makarantun gwamnati da suka ɗauki salon suka bar aƙidar. Ta farko a Amurka an buɗe ta a Milwaukee a 1991. Rahoton wata cibiya ta Jami'ar Stanford na 2015 a kan makarantar Alice Birney ta Sacramento ya nuna ƙarancin dakatar da ɗalibai da kyakkyawan sakamako ga yaran talakawa idan aka kwatanta da sauran makarantun gundumar, ko da yake nan ma iyaye ne ke zaɓa. A Masar kuma, makarantar SEKEM mai zaman kanta, wadda ta fito daga shirin da Ibrahim Abouleish ya kafa a 1977, tana haɗa manhajar gwamnati da zane da kiɗa da aikin hannu na salon Waldorf a cikin al'ummar da akasarinta Musulmi ne. 'Yan mazahaba masu tsauri suna ganin salon ba ya rayuwa in an cire shi daga Antroposofi. Misalan Amurka suna nuna akasin haka, aƙalla ga rakiya da babban darasi da rahoton sharhi.

Abin da ba ya ɗaukuwa cikin sauƙi shi ne sharaɗin da dukkansu suka dogara a kai, wato malamin da zai zauna da aji ɗaya shekaru masu yawa, ya shirya sabon darasi kowace shekara ba tare da littafin bugawa ba, ya kuma rubuta wa yara talatin ko fiye rahoto ɗaya-ɗaya. Ko a Jamus, inda gwamnati ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin waɗannan makarantu, samun irin wannan malami yana wuya, kuma wasu makarantun sun riga sun rage rakiyar zuwa shekara 6, suna miƙa aji 7 da 8 ga ayarin malaman fanni.